Ƙofar da ke Bayan Baba

Gyaran firinta ne sana'ata, shekara ashirin da shida ke nan. A aji huɗu na ajiye boko, ban kuma taɓa da-na-sani ba sai ranar da za a cike fom. Maƙwabta suna ce mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya, ni kuwa duka biyun nake amsawa. Abin da hannuna bai taɓa ba, ko sukudireba ba ta kwance shi ba, ban cika yarda da shi ba. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce matsoraci ne ya rubuta.

Shagona ɗaki ɗaya ne, tsakanin tela da mai sayar da tayoyi. A ƙuryarsa akwai tsohuwar kwamfuta, kusa da ita kuma firinta mai allura, mai faɗin ƙirji, irin wadda ke cin doguwar takarda mai huji-huji a gefe. In tana aiki sai ka ce ana yaga buhu, tela har buga bango yake yi. Ƙanwata ce ta tashi kwamfutar daga mutuwa. Ita ce autar Inna, shekararta arba'in da biyu da 'ya'ya uku, amma har yau Auta muke ce mata. A wani ofis take aiki, ita ke kula da kwamfutocinsu. Ta ce tsohuwar tawa ba za ta ɗauki kwalliyar zamani ba, sai ta share komai ta bar mini baƙin allo da ɗan ɗigo ɗaya yana ƙifta ido. Ba hoto, ba linzami. Ka rubuta umarni, ka danna, ta yi. Wannan ya yi mini daidai, don ni ma haka nake son a yi hulɗa da ni.

Ita ta koya mini mayar da hoto haruffa. Ta rubuta layin a kati ta manna a gefen allon. Ka sa hoto a sikana, injin da ke kwafar hoto, ya shiga cikin kwamfutar, sai ka rubuta sunan manhajar da sunan hoton, ka bi su da abu uku. Na farko faɗi, wato haruffa nawa a kowane layi. Na biyu haske, lamba ce daga ɗaya zuwa goma, ni a uku nake barin ta. Na uku kalmar juyi. Manhajar tana yanka hoton gida-gida kamar ƙananan tayil, ta auna duhun kowane gida, ta ajiye harafi a madadinsa. In a takarda ne, inda ya yi baƙi ƙirin ta sa mai nauyi, M ko W ko alamar tsani irin ta waya. Inda ya yi haske ta sa waƙafi ko ɗigo. Inda ya yi fari tas ta bar fili. In kana kusa, tarkacen haruffa ne kawai. Ka ja baya, sai mutum ya fito yana kallonka.

Kalmar juyin nan ita ce ake mantawa. A allo bango baƙi ne, harafi fari, don haka harafi mai nauyi haske yake bayarwa. A takarda kuwa akasin haka ne. In za ka buga dole ka sa kalmar, in ba haka ba fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, kamar fim ɗin hoto na da in ka ɗaga shi a rana.

Da farko gwajin allura nake yi da abin, don hoton haruffa ba ya ɓoye allurar da ta mutu, farin layi za ka gani ya ratsa fuska. Daga baya mutane suka fara kawo hotunansu.

Inna a gidana take zaune, a ɗakin da ke ƙarshen baranda. Idonta na dama ya mutu shekara uku da suka wuce. Na hagu shi ya rage, shi ma sai ta karkatar da kai gefe, kuma sai abu ya zama babba, baƙi a kan fari. Bara Auta ta kawo mata sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu a ƙasa, kowace ƙafa da 'yar robarta. Inna ta daɗe tana kallon sandar nan, sannan ta ce a kai ta bayan ƙofa. Wata biyu ba ta taɓa ta ba. Muka ce taurin kai ne, wanda ni ma a wurinta na gada. Sai da ta faɗi a banɗaki ta yarda ta ɗauka.

Wata rana likitan ido ya ce saura wata biyu na hagun ma ya rufe, in ya yi yawa uku, kuma babu aikin da za a yi. Washegari da safe ta kira ni. Ta buɗe gwangwanin da take ajiye zare da maɓallai, ta zaro hoton Baba. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Girman tafin hannu, ya koma ruwan ƙasa. Baba yana tsaye a tsakar tsohon gidanmu da farar riga, ya ƙame kamar an dasa shi. A bayansa, gefen dama, ƙofar ɗakinsu ce a buɗe, cikinta baƙi. Gidan nan an rushe shi tuntuni, titi ya bi ta kansa. Baba kuwa ina shekara goma sha uku ya rasu.

"Babba," ta ce, haka take kirana. "Ka mayar mini da wannan girman bango, kafin fitilar ta ƙarasa mutuwa."

"An gama, Inna. Zan yanke gefe da gefe, fuskar ta fi fitowa."

"Kada ka yanke komai. Duka nake so."

"Bango da ƙofa za ki kalla?"

"Na ce duka. Ko kunnen naka ma ya bi idona?"

Na fara da injin fotokwafi, na ƙara girma har ƙarshen ƙarfinsa. Abin da ya fito toka-toka ne, ba baki ba hanci. Inna ta karkatar da kai ta duba, ta ce, "Wannan ubanka ne ko hayaƙin shara?" Sai na koma kan haruffa, don su ba su san toka-toka ba, ko dai akwai tawada ko babu, kuma girman da ka ga dama za ka yi.

Ranar Talata da hantsi na sa wa firintar sabon ribon, ƙyallen tawadarta. Na ba faɗin haruffa ɗari shida, wanda zai ci takarda shida a jere, kowace tsayin mutum. Na gwada a allo tukuna, na ga Baba ya fito. To a allo ba a sa juyi. Akwai maɓalli mai kibiya sama wanda ke dawo maka da layin da ka rubuta a baya, don kada ka sake wahala. Shi na danna, na ƙara umarnin bugawa a ƙarshe, na tura. Kuskuren ke nan, kuma na raggo ne. Na juya na ci gaba da kwance firintar wani, minti arba'in tana yaga buhunta ban waiwaya ba.

Shagon ba shi da wurin ja da baya, saboda haka a bangon waje nake manna manyan ayyuka in tsallaka titi in duba. Rana tsaka ce, ba inuwa ko ta kare. Na jera takardun shida da salatif, na bar wata mota ta wuce, na tsallaka, na juyo.

Na ja tsaki. Rigar Baba ta koma baƙa wuluk, fuskarsa fari fat kamar an shafa toka. Na ɓata ribon da takarda a banza. Har na ɗaga ƙafa zan koma in yage, idona ya sauka kan ƙofar.

Tunda komai ya juye, ƙofar da ya kamata ta yi baƙi ta koma farar takarda. Amma ba fili ba ce. Akwai ɗigo-ɗigo da waƙafi a cikinta, siraran abubuwa, sun taru sun yi siffa. Tsohuwa ce a tsaye. Hannunta ɗaya a kan katakon ƙofar. Ta karkatar da kai gefe. Ɗaya hannun yana kan sanda, sandar kuma a ƙasa ta rabu huɗu.

Na tsaya a bakin kwata ina ƙirga ƙafafun sandar, na sake ƙirgawa. Mai babur ya yi mini oda ban matsa ba.

Tela ya fito da igiyar awo rataye a wuya, ya tsallako don ya ga abin da ya hana shi sakat tun safe. Ban gaya masa abin da na gani ba. Ya kare rana da hannu ya duba.

"Yau kuma Inna aka yi wa? Ai kuwa ta fito, har da sandar. Amma Injiniya, wane ne wannan mai fuskar fatalwa da ya tsaya mata a gaba? Ka cire shi mana."

Hoton ya girmi telan da shekara goma. Na koma na sauke takardun.

Ni ba na gudu daga inji. Na goge gilashin sikana da tsumma. Na sake saka hoton, abin ya fito. Na juya hoton kai ƙasa na saka, tsohuwar ta fito kai ƙasa. Na ɗauki asalin hoton na fita rana da gilashin da nake duba ƙananan wayoyi, na zuba wa ƙofar ido har hawaye ya zo. Baƙi ne kawai. Sai na kira Auta, ta zo a hutun cin abincinta.

Ta zauna ta karɓe allon. Ta bincika ko akwai wani hoton Inna a cikin kwamfutar da ya cakuɗe da wannan. Babu. Ta rubuta umarnin da hannunta. Sannan ta jingina da kujera.

"Abin da ya faru mai sauƙi ne, Yaya. Duhun ƙofar ba iri ɗaya ba ne, wani wuri ya ɗan fi wani. In ka buga daidai, nan M can W, ido ba ya raba su, duk baƙi ne. Da ka manta juyi sai bambancin ya koma tsakanin fili da ɗigo, shi kuwa ko makaho ya gani."

"Wato abin yana cikin hoton."

"Wani abu yana ciki. Danshi ne ya ci takardar, ko tabo. Ido kuma gwanin neman fuska ne, ko a bangon banɗaki mutum sai ya ga kawunsa."

"Danshi mai sanda mai ƙafa huɗu."

Ta kawar da ido daga allon.

"Wadda kika sayo bara," na ce.

"Na ji. Ba sai ka maimaita ba." Ta ɗauki jakarta ta ajiye a cinya ta rungume. "Za ka nuna wa Inna?"

"A'a."

"Ita ta ce duka."

"Duka zan ba ta. Ƙofa baƙa ce a hoto, baƙa za ta fito. Ban cire ko ɗigo ba."

"Wayo ke nan, Yaya."

"Kira shi abin da kika ga dama. Tsohuwa mai hawan jini, in kai mata hoton kanta tsaye cikin duhu a bayan mamaci? Ke kin san abin da za ta ɗauka. Ni ma da ban yarda da komai ba na san abin da na ɗauka."

Na rubuta layin daga farko, na sa juyi, na buga. Na nannaɗe na kuskuren na cusa ƙarƙashin wani mataccen injin fotokwafi.

Washegari da rana muka manna shi a bangon tsakar gida, wanda ke kallon ƙofar ɗakin Inna. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Auta ta ajiye mata kujera taku goma daga bangon. Inna ta zauna, ta karkatar da kai, ta yi ta gyara zama har ta samo inda idon ke kamawa.

"Shi ne," ta ce. "Ga kunnuwan nan kamar hannun kofi. Kai ka kwashe su duka, ba ka rage wa 'yar'uwarka ba."

Auta ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Na ɗauka an gama. Amma ko minti biyu Inna ba ta yi a kan fuskar Baba ba. Ta dafa sanda ta miƙe, ta taka har bangon, ta ɗora tafin hannunta a kan baƙin wurin.

"Nan fa?"

"Ƙofa ce, Inna."

"Na san ƙofa ce, shekara goma sha tara ina share bakinta. Me ke ciki?"

"Duhu."

"Babba, tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya kunnenka na dama ke motsi. Yanzu ba na ganinsa, amma ina jin iskarsa."

Ta koma kujera da kanta, ta ce mu zauna. Muka zauna a ƙasa kamar yara.

"Fuskar ubanku ba sai an ba ni a takarda ba, ina da ita. Ranar da aka ɗauki hoton nan mai hoto a keke ya zo. Ina tsaye a bayan mai hoton, kai kana goye, watanka takwas. Yana ta ce wa ubanku ya ɗaga haɓa. Sai na ga wata tsohuwa a bakin ƙofar ɗakina. Ban san ta ba, ban ga shigarta ba, gidan kuma ƙofa ɗaya gare shi, ina tsaye a kanta. Ta dafa katako, ta karkace kai, tana riƙe da wata irin sanda da ban taɓa gani ba, mai ƙafafu kamar kujera. Ni take kallo. Ban ji tsoro ba, shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Sai kai ka ɗago kai ta kafaɗata, ka kalli ƙofar, ka tsandara ihu kamar an tsikare ka. Na juya in lallashe ka, mai hoto ya danna, na waiwayo babu kowa. Har ƙarƙashin gado na duba. Ubanku ya ce rana ce ta buge ni. Da hoto ya zo, ƙofa baƙa."

Ta taɓa sandar da ke jingine da gwiwarta.

"Shekara hamsin ina duban fuskokin tsofaffi a hanya ko zan gan ta. Sai bara wannan yarinyar ta shigo mini da sandar a leda."

"Shi ya sa kika ƙi ta," Auta ta ce a hankali.

"Da ke ce za ki karɓa da gudu?" Ta juyo da kyakkyawan idon wajena. "Na riga na san ko wace ce, ba shi nake tambaya ba. Abu ɗaya na kasa tunawa. Ranar nan da take kallona, da ido take kallona, ko fuskar kawai ta juyo kamar yadda makafi ke yi? Shi nake so in gani. In idonta a buɗe yake, to duhun da likita ya ce yana zuwa ba shi ne na ƙarshe ba."

Na ce mata babu komai a ƙofar. Na faɗa sau biyu, na tashi na tafi shago. Ba na alfahari da wannan, amma haka aka yi. A raina cewa nake, abin da ban gane ba ba zan ɗauko shi da hannuna in kai gaban uwata ba. Kwana uku Auta ba ta ɗaga wayata. Inna kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Rana ta huɗu da safe na shiga gaishe ta. Na tsaya a tsakiyar ɗakin, taga a buɗe, haske ko'ina. Tana zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire. Ta ɗago ta ce, "Wane ne?" Sati ɗaya kafin nan daga bakin baranda take gane ni. Likita ya ce wata biyu, amma ido bai yi alkawari da likita ba.

Na tafi shago ban karya ba. Na rufe ƙofa rabi don kada tela ya leƙo. Wannan karon na yanke hoton, na bar ƙofar kaɗai, na ba ta faɗin ɗari shidan duka. Na sa juyi. Sai na fara taɓa lambar haske, wadda tun da aka ba ni katin ban taɓa wuce uku ba. Kowace lamba sai in buga ƙarami a takarda ɗaya, in manna a bayan ƙofa, in ja baya iyakar shagon.

A huɗu duhun ya fara tsagewa. A biyar kafaɗa da sanda suka fito. A shida na ga ɗaurin ɗankwalinta, kullin a gefen hagu, yadda take yi tun da hannun dama ya daina kaiwa baya. A bakwai fuska ta fito.

Na daɗe a tsaye. Daga nan, don ni mutum ne mai son ganin ƙarshen zare, na rubuta takwas. A bayanta, gefen sandar, akwai wani wurin da ya fi ko'ina duhu, wanda har bakwai bai motsa ba. A takwas ya fara watsewa. Haruffa suka soma taruwa sama da kanta, wani abu mai faɗi, kamar kafaɗar namiji. Firintar tana tsakiyar layi na kashe ta daga soket. Na yage takardar, na dunƙule, na mayar da lambar bakwai, na buga babban. Na yi wa Inna alkawarin abu ɗaya, ba biyu ba. In akwai wanda ke tsaye a bayanta yana jira, ban ga dalilin da zan yi masa hoto ba.

Da yamma, rana na dukan bangon sosai, muka cire Baba muka manna ƙofar. Auta ta zo, ba ta gaishe ni ba, amma ita ta riƙe mini salatif. Taku goma ya yi wa Inna nisa yanzu, sai muka matso da kujerar zuwa shida. Ta karkata. Ta sa hannu ta ja fatar ƙasan idon. Babu mai motsi. Ina jin famfo yana ɗiga a bokiti.

"Auta, ke mai ido. A buɗe suke?"

"A buɗe suke, Inna. Duka biyun."

"Na gani. So nake in ji ko ku ma kun gani." Ta ƙara leƙawa. "Ji bakinta. Dariya take ƙunshewa, 'yar banza. Ko me ta gani oho."

Ta zauna a wurin har rana ta bar bangon. Sannan ta ce, "To, naɗe abinka, Injiniya." Ba ta taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar.

Sati biyar bayan nan idon ya rufe gaba ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yarda an yi mata ba. In baƙi suka zo jaje sai ta ce su adana, aro aka yi za a dawo mata da shi. Suna ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ta yi wata huɗu a haka, jiki yana ta raguwa, har ta kai sai an ɗaga ta.

Wata Asabar da hantsi ina gida, ina gyara mata fanka a ɗakin. Labule a sake yake, tunda haske ba ya yi mata amfanin komai. Sai ta ce, "Babba, miƙo sandar. Kai ni bakin ƙofa."

"Ki bari in kawo kujera."

"A tsaye nake so. Yi sauri, kana da nawa kamar ubanka."

Na ɗaga ta, ba nauyi. Muka taka zuwa ƙofar. Ta lalubi katako ta dafa da dama, hagu a kan sanda. Ƙafafunta suna rawa, don haka ban sake ta ba, na tsaya a bayanta daga cikin ɗakin ina riƙe da gwiwar hannunta. A gabanmu tsakar gida ce da bangon nan, babu komai a jikinsa sai tabon salatif. Ta karkatar da kai, abin da ta daina yi tun da idon ya tafi.

"Ga ubanka can," ta ce. "Ya ba mu baya, ya ƙame. Ɗaga haɓar mana, mutum yana ta roƙonka." Kafaɗarta ta fara girgiza, dariya take dannewa. "Kai, ji ni. Ashe haka nake siririya, kamar tsinke. Ga ta tana kallona."

Na ƙara riƙe gwiwar hannunta.

"Ga ka nan a baya, da kunnuwa. Ka ɗago kai." Ta rage murya. "Kada ka motsa, Babba, za ka tsorata shi."

Ban motsa ba. Ko numfashi ban ja ba.

"Ai kuwa ka tsorata shi," ta ce.

Ni bango na gani, da tabon salatif goma sha biyu. Wannan zan iya rantsewa a kai. Na kuma ji jariri ya tsandara ihu, kusa sosai, sannan ya yanke. Amma layinmu cike yake da masu jego, ban isa in ce daga ina ya fito ba.

Ta ce in mayar da ita gado, ta gaji. Kwana tara bayan nan ta rasu, da safe, bayan ta sha shayinta.

Da aka watse daga zaman makoki Auta ta biyo ni shago ɗaukar hoton Baba, don a wurina ya kwana tun lokacin. Na ba ta labarin ranar Asabar ɗin, na kuma faɗa mata abin da ya fara fitowa a takwas, wanda na ɓoye mata. Ta zauna a gaban baƙin allon, ɗigon yana ta ƙifta ido. Ta danna kibiya sama, ta yi ta dannawa har tsohon layin ya dawo, da bakwai ɗinsa. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa.

"In sa takwas, Yaya? Ko tara, mu gani sosai."

"Bar shi."

"Tsoro kake ji?"

"Da na ji. Yanzu na san mai kafaɗar. Shuɗiyar rigar aiki ce a jikinsa, aljihun ya yage, da sukudireba a ciki." Na taɓa yagaggen aljihun rigata, na zare hoton daga sikana na miƙa mata. "Na riga na tsorata yaron nan sau ɗaya. Ya isa."